Abin da ke sa kifi dagargajewa a miyar Kerala

Hajiya, kin tambayi dalilin da ya sa kifinki ke dagargajewa, madarar kwakwa kuma ta tsinke, duk lokacin da kika dafa miyar kifi irin ta jihar Kerala da ke kudancin Indiya. Laifin na wuta ne da ludayi. A can, cikin tukunyar ƙasa ake soya hulba da citta da tafarnuwa da garin barkono a man kwakwa, a zuba ruwan kudampuli, wani busasshen ɗan itace mai tsami, wanda tsamiya ke iya maye gurbinsa, kuma sai romon ya yi kauri ake saka kifin. Daga nan ba a ƙara juyawa da ludayi, tukunyar ake girgizawa a hankali. Madarar kwakwa mai kauri kuwa a ƙarshe ake zuba ta, a rage wuta, a sauke kafin ta tafasa.