Me ya sa Harlem?

Malam, ka tambaya me ya sa adabi da kiɗan baƙaƙen fatar Amurka suka bunƙasa a Harlem a shekarun 1920. Ƙaura ce ta jawo. Baƙaƙen fata sun yi ta gudowa daga jihohin kudancin ƙasar saboda wariya da kisan gilla, suka cika wannan unguwa ta New York. Ga kuma wurin kai rubutu: mujallar The Crisis, wadda Du Bois, mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, yake edita, ta buga rubutacciyar waƙar marubuci baƙar fata Langston Hughes a 1921.

Sai dai kada a zuzuta. A Cotton Club, wani gidan rawa a Harlem, makaɗi baƙar fata Duke Ellington ya riƙa kiɗa daga 1927, amma a lokacin kujerun 'yan kallo na fararen fata ne. Da tattalin arziki ya karye a 1929, masu tallafa wa marubuta da makaɗa da kuɗi suka fara janye jiki.