Neman haƙƙi ba fitsara ba ne

'Yar'uwa, kin tambaya wai ko mace za ta iya neman haƙƙinta kuma ta riƙe kunyarta, ko dole sai ta zaɓi ɗaya. Wallahi abin nan yana min ciwo, mace na buɗe baki sai a ce ta zama feminis. To Nana Asma'u fa? Ita ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, jajinta, wato jagororin ƙungiyar, dattawan mata da malfa a ka suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, har gobe ana girmama ta. Hajiya Gambo Sawaba kuma ta sha ɗauri tana jam'iyyar NEPU kan ƙuri'ar mata, kuma sai 1979 matan Arewa suka yi babban zaɓe. Ni dai ki sa lallenki, ki gaida manya da ladabi, amma in gadonki aka danne kar ki yi shiru.