Ku Tambayi Makanike: Ƙarar da ke ɓacewa in inji ya ɗauki zafi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna da Toyota Corolla ƙirar 2006, da ita nake kai yara makaranta. Tun da sanyi ya shigo, in na tayar da ita da safe sai in ji ƙara kamar ta keken ɗinki daga cikin bonet, amma kafin mu fita titin Bauchi ta yi shiru. Yara na cewa suna jin warin hayaƙi, mai kuma ya fara saurin ƙarewa. Wani makanike ya ce gaskit ne, sai an sauke kan inji. Wani ya ce a shafa gam kawai. Maigida kuma ya ce tunda ƙarar na tafiya da kanta, a bar ta. Wanne zan bi?
Maman yara uku, Rikkos, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ba maigida haƙuri, wannan karon ba za mu bi tasa ba. Duk alamun da kika lissafa suna nuna gaskit ɗin salansa ne ya ci, kuma ƙarar ba warkewa take yi ba, ɓuya take yi.

Hayaƙi yana fitowa daga kan inji ya shiga manifol, wato ƙarfen nan mai rassa huɗu da ke tattara hayaƙin silinda huɗu ya tura shi bututun salansa. Ƙarfe biyu ba sa haɗuwa su rufe ruf, shi ya sa ake sa gaskit a tsakani. Ɗaya yana tsakanin kan inji da manifol, yawanci siraran fallayen ƙarfe ne a haɗe. Ɗayan zobe ne mai kauri, yana inda manifol ya haɗu da bututu, kuma kusoshinsa na ɗauke da sifirin don bututun ya riƙa ɗan motsi in inji na girgiza. Zafin wurin yakan wuce digiri 600 in mota na hawa tudu, ki ɗauki Hawan Kibo misali. Kan injin alminiyam ne, manifol ƙarfe, kowanne da yadda yake buɗewa in ya ji wuta. Shekaru ana buɗewa ana tsukewa, dole gaskit ya gaji ya bar kafa. Da safe, a sanyin Jos, ƙarfe a tsuke yake, kafar a buɗe, sai ki ji ƙarar. Yana ɗaukar zafi ya kumbura ya matse kafar, amma ba duka ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne maganar yara. A Corolla ta waɗannan shekarun manifol yana bayan inji ne, dab da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, kuma iskar da fanka ke jawowa cikin mota daga gindin gilashin gaba take shiga. Ga sanyi, kowa ya ɗaga gilashi. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci, in ta yi yawa ta kashe. Warin da suke ji na sauran hayaƙin ne, amma tare suke tafiya.

Shan mai kuwa, kafar na zuƙo iskar waje, sensar da ke auna hayaƙi ta ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfutar mota ta ƙara mai. In aka daɗe a haka har katalis, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, wanda yaran gareji ke cewa indomi, sai ya lalace, shi kuwa kuɗinsa ba wasa ba.

Makaniken farko ina jin ya tafi ga gaskit ɗin kan inji ne. Wannan daban, alamunsa farin hayaƙi mai kauri, ƙarewar ruwan lagireto, zafin inji, ko baƙin mai ya koma ruwan madara. Ba ki ambaci ko ɗaya ba, don haka kada a buɗe miki inji. Na biyun kuma, gam ba ya jure wutar wurin, zai ƙone ya zube, ki sake biyan kuɗin aiki.

Ki kai motar ta kwana a gareji, a duba ta da sanyinta. A haska tocila a nemi baƙin tabon hayaƙi a bakin haɗin, nan ne kafar. A duba manifol ɗin kansa ma, domin yakan tsage, kuma ƙararsu ɗaya. In gaskit ne, a sayo sabo a kasuwar Dilimi, mai fallayen ƙarfe, ba mai kama da kwali ba. Na Beljiyam bai da amfani a nan, gaskit sau ɗaya ake matse shi.

Wahalar aikin tana wajen kusoshi. Tsatsa da zafi sun riga sun cinye su, yaro mai gaggawa ya sa dogon sifana ya murɗa, sai ɗaya ya karye a cikin kan inji, aikin safiya ya koma na mai huda da mai walda. A fesa musu man kwance tsatsa tun dare, a bi su a hankali. In an cire, a kankare fuskar ƙarfen tas, a ɗora rula ta ƙarfe a ga ko manifol ya lanƙwashe, domin in ya karkace sabon gaskit ma ba zai riƙe ba sai an goge fuskar. Wajen ɗaurewa a fara da notin tsakiya a riƙa fita gefe-gefe, kaɗan-kaɗan. Duk noti ko sifirin da ya ci, a canza shi. Ki ce kuma a ba ki tsohon gaskit ɗin a hannu, za ki ga inda ya ƙone da idonki.

Kafin a yi gyaran, ki riƙa sassauta gilashi ko da sanyi, kada ki bar yara a ciki kina ɗumama inji, kuma kada a tayar da ita a rufaffen gareji.