Kada ki fara da jiƙaƙƙen tsumma

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, na saurari saƙon muryarki kan gobarar da aka yi a gidanku, Allah ya tsare gaba, Allah ya mayar da alheri. Alhamdu lillahi tunda kowa ya fito da ransa. Kin ce wutar a ɗaki ɗaya ta tsaya, 'yan kwana-kwana sun kashe ta, amma duk gidan ya yi baƙi yana ƙauri, kina tambaya ko ku wanke bango ku yi fenti ku koma da yara. Don Allah ki dakata tukuna, ki saurare ni har ƙarshe.

Lafiyarku zan fara da ita. A gobarar gida, hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane. Akwai wata iska a cikinsa, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da oksijin sau 200 da wani abu. Katifar soso da kushin idan suka ci wuta kuma suna fitar da gubar sayanaid. Abin da nake so ki riƙe shi ne, mutum yana iya fitowa da ƙafarsa yana magana lafiya lau, bayan awa 24 ko ma 48 maƙogwaro ya kumbura ko huhu ya tara ruwa. Don haka duk wanda muryarsa ta dishe, ko yana tari da baƙin kaki, ko ciwon kai da jiri, ko numfashi yana masa wuya, a kai shi asibiti yau, kada a jira gari ya waye. Musamman ƙaramin naki da kika ce yana da asma.

To, sai gidan. Wutar ta mutu, amma baƙin nan da kike gani a bango da silin, kunkunniyar nan, ba ta gama aikinta ba. Robar da ke jikin wayar wuta, da fayif, da kayan roba irin su, idan suka ƙone suna fitar da wata iska wadda da zarar ta haɗu da danshi sai ta zama asid. Ga shi kuma an zuba ruwa an kashe wuta, gidan duk danshi ne. Shi ya sa za ki ga famfo da mariƙin ƙofa da duk wani ƙarfe sun fara dusashewa, cikin 'yan kwanaki tsatsa ta fito, farar roba ta koma rawaya. Kin gane? Ba a son gaggawa, amma kuma ba a son a rufe gidan a tafi a bar shi mako biyu. A buɗe tagogi iska ta ratsa, a fitar da duk abin da ya jiƙe.

Abin da ya fi damuna shi ne wankin da kika ambata. Kunkunniya tana da maiƙo, musamman idan wutar a hankali ta ci, tana turnuƙe hayaƙi ba ta tashi sosai ba. Kika sa jiƙaƙƙen tsumma kika goga, wallahi kin tura ta cikin bangon ke nan, ta zauna daram. A bushe ake fara cire ta. Injin zuƙe ƙura, a riƙe bakinsa kusa da bango ba tare da an goga ba, ko busasshen soso a riƙa ɗauka a hankali daga sama zuwa ƙasa. Bayan nan ne ruwa da sabulu mai cire maiƙo za su shigo. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi na kirki, irin N95, don na yadi ba ya tare ƙananan ƙwayoyin nan. Yara da masu ciki da tsofaffi kada su leƙo ma.

Fenti kuma, idan aka shafa shi kai tsaye a kan hayaƙi, tabon zai ɓullo ta cikinsa, ranar da aka yi zafi ko danshi ƙaurin ya dawo kamar jiya aka yi gobarar. Sai an wanke, ya bushe sarai, an shafa fentin shimfiɗa mai toshe tabo da wari, sannan na ado. A kuma leƙa cikin silin, don hayaƙi sama yake hawa, yana kuma bin wuri mai sanyi ya lafe. Har cikin durowar kaya da take rufe za ki same shi.

Kada a kunna komai, ko talabijin ko firiji ko na'urar sanyaya ɗaki, sai mai gyaran wuta ya duba wayoyin gidan gaba ɗaya. Waya tana iya narkewa a cikin bango ido bai gani ba, kunkunniya kuma idan ta shiga cikin na'ura tana iya haɗa wuta.

Na san da ciwo, amma abinci da magunguna da kayan shafa da zafi ko hayaƙi ya taɓa, a zubar. Har na gwangwani idan ya sha zafi. Katifa da filon da suka sha hayaƙi sosai, ni dai ba zan kwantar da yaro a kai ba. Tufafi a kakkaɓe su a waje, a wanke su daban, wataƙila sau biyu ko uku.

Kafin a taɓa komai ki ɗauki hoto da bidiyo ɗaki-ɗaki, saboda mai gida ko inshora idan akwai. Idan kun koma kuma ku sa na'urar nan mai ƙara idan ta ji hayaƙi, a kusa da ɗakunan kwana. Ki turo mini hoton silin ɗin da na bangon da ke kusa da inda wutar ta tashi, in ga ko katakon ya ci. Ki gaida yaran, ki kuma sanar da mu abin da likita ya ce.