Tambaya da Amsa: Me ya sa shafina ke jan ƙafa idan aka daɗe ba a buɗe shi ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibin kwamfuta ne, na haɗa wa Islamiyyar unguwarmu shafin duba sakamakon jarrabawa da Django, wato tsarin gina shafin intanet da yaren Python, na ɗora shi a wani kamfani da ke ba da masauki kyauta. Matsalar ita ce da safe duk wanda ya fara buɗewa sai abin ya yi kusan minti guda yana ta juyawa, farin allo kawai, amma da zarar ya buɗe shikenan kowa sai ya shiga nan take. Shugaban makaranta ya kira ni har sau biyu wai iyaye na cewa abin ba ya aiki, wallahi kunya ta kama ni. Na gwada da wayoyi uku da layi daban daban duk ɗaya. Kod ɗina ne ke da matsala ko netwok ne? Don Allah a taimaka. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da wannan hidima da ka yi wa makaranta. Ka kwantar da hankalinka ba netwok ba ne, kai da kanka ka ba ni amsar a cikin wasiƙarka, ka ce na farko ne ke shan jira sauran su wuce salin alin. Netwok in ya lalace ai kowa yake dama wa lissafi, ba ruwansa da wa ya zo farko. Abin da ke damunka masu harkar suna ce masa cold start, ni dai tashin sanyi nake kiransa.

Ka dubi mai shayi. In butarsa na kan wuta kana zama zai zuba maka, to amma a ce duk sanda ya yi minti 15 babu kwastoma sai ya kashe wuta ya juye ruwa ya tattara kofuna, wanda ya zo bayan nan dole ya zauna a hura gawayi, ruwa ya tafasa, kafin ya ga shayi, na bayansa kuma su sha a saukake. Haka kamfanonin nan suke yi wa manhajar da ba a biya mata ba, saboda injin da ke zaune ba aiki asara ne a wurinsu. Kuma ba ɓoyewa suke ba, a rubuce yake a ƙa'idojinsu. Render na kwantar da shafin kyauta in ya yi minti 15 ba wanda ya leƙo, tashinsa kuma ya kan kai wajen minti guda. Heroku a da minti 30 ne kafin su rufe tsarin kyautar gaba ɗaya ranar 28 ga Nuwamba 2022. Azure App Service na sauke manhaja bayan minti 20 sai in ka kunna Always On, zaɓin da ke barinta a kunne kullum, wanda shi kuma babu shi a matakin kyauta. Cloud Run na Google shi ma yana sauka har sifili in ba baƙo.

To a cikin minti gudan nan me ake yi? Da farko kamfani zai nemo maka gurbi a injinsa, ya jawo kunshin manhajarka ya kunna, wannan ba hannunka a ciki sai dai girman kunshin. Daga nan Python ya tashi ya fara lodin duk laburaren da ka kira, sannan manhajar ta ƙulla da databes, wato rumbun da bayanai ke ajiye, sai a ƙarshe ta amsa wa mahaifin yaron da ke tsaye da waya a hannu. Kafin ka taɓa komai ka fara aunawa, don Allah kar ka tsallake wannan, na sha ganin yara sun kwana uku suna gyara inda ba nan ciwon yake ba. Ka bar shafin ya yi barci, ka buɗe log a gefe, wato rubutun da manhaja ke fitarwa layi layi na abin da take yi, sai ka shiga, ka duba agogon layin farko da lokacin da shafin ya buɗe maka. Tazarar da ke tsakani taka ce, ita za ka iya ragewa. Wadda ta gabaci layin farko ta kamfani ce.

Inda na fi zargi a irin aikinka shi ne umarnin tashi. Mutane da yawa suna jera pip install da migrate da collectstatic duk a layin da ke kunna saba, wato injin da ke amsa wa masu shiga shafi, kaga kenan kullum manhaja ta farka sai ta sake wannan dogon aikin alhali sau ɗaya ake bukatarsa, lokacin da ka ɗora sabon kod. Mayar da su wurin umarnin gini, wanda ke gudana lokacin ɗora sabon kod, umarnin tashi ya zama gunicorn kaɗai, wato manhajar da ke kunna shafinka na Django. Wannan gyaran na minti biyar ne amma sau tari shi ke cire kaso mai tsoka. Na biyu, tunda sakamakon jarrabawa ne ina kyautata zaton kana da pandas don karanta Excel ɗin malamai da wani laburare na buga PDF, kuma ka kira su a saman fayil. pandas nauyi gare shi sosai, a injin kyauta da ɗan guntun ƙarfi ake ba ka lodinsa kaɗai sai ya ci sakanni, kuma mahaifin da ya zo duba maki bai bukatarsa ko kaɗan, malami ne ke bukata ranar da zai ɗora maki. Ka tura kiran nasa cikin aikin da ke amfani da shi. In kana son ganin wanda ke cin lokaci da idonka ka kunna Python da -X importtime, zai jero maka kowane laburare da lokacin da ya ci. In kuma Docker kake amfani da shi wajen haɗa kunshin manhajarka ɗauki hoton slim, wato ƙaramin kunshi, ka bar cikakken, ka kuma cire duk abin da ka girka don gwaji ka manta da shi.

Databes ma yana barci fa, mutane na mantawa da wannan. Neon na kwanciya bayan minti 5, duk da shi tashinsa da sauri ne, Supabase na kyauta kuma in ya yi mako guda ba motsi dakatar da shi ake sai ka je ka tashe shi da hannu, ka tuna makaranta na yin hutu mai tsawo. Wani abin da ya fi jinkiri tayar min da hankali, databes ɗin Postgres na kyauta na Render kwana 30 yake yi ya ƙare. Ko ma ina naka yake, ka je yau ka karanta sharuɗɗansa ka kuma ajiye kwafin makin yaran nan a wani wuri, amanar mutane ce a hannunka.

Na san wani zai ce maka ka sa UptimeRobot ya riƙa ƙwanƙwasa shafin duk minti 5 don kar ya yi barci. Yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba. Amma ka yi lissafi, wata mai kwana 31 awa 744 ne, Render kuma awa 750 yake ba wa asusu a wata, wato manhaja ɗaya tak zai ɗauka, ka ƙara ta biyu awanninka su ƙare a tsakiyar wata duka biyun su tsaya. In za ka yi, yi shi da tsari, daga asuba zuwa bayan isha'i a makon da ake fitar da sakamako, ba dare da rana shekara guda ba.

Dabarar da ni na fi so ita ce ka raba shafin gida biyu. Fuskar farko, inda ake rubuta lambar ɗalibi, ka mai da ita HTML zalla ka ɗora a Cloudflare Pages ko makamancinsa, irin wannan ba ya barci don ba injin da ake kunnawa. Da an buɗe ta sai ta aika ɗan saƙo a ɓoye ta tashi sabar, kafin baba ya laluba aljihu ya ciro takardar da lambar yaro ke ciki ya rubuta, ruwa ya kusa tafasa. In bai gama ba ka rubuta da Hausa ƙarara, ana shirya sakamako a ɗan jira kaɗan. Farin allo ne ke sa mutum ya ce abu ya lalace ya rufe, in ya ga rubutu zai jira. Makin kansa dai kar ka sa shi a buɗaɗɗen fayil, ya zauna a bayan saba.

Sai wurin da sabar take. In ba ka zaɓa da kanka ba akwai yiwuwar tana can yammacin Amurka, Oregon, alhali wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka taso daga Legas Turai suka nufa. Frankfurt ta Jamus ta fi mana kusa nesa ba kusa ba, ka kai manhaja da databes duka can, kar ɗaya na Jamus ɗaya na Amurka. Wannan ba zai kashe tashin sanyi ba amma kowane dannawa zai ɗan yi sauƙi.

Gaskiyar magana kuma ɗan'uwa, duk gyaran nan ragewa yake, abin da ke kawar da matsalar ɗungurungum shi ne a bar wuta a kunne, wato a biya. Ƙaramin matakin Render wajen dala 7 ne a wata, a Cloud Run kuma sai ka sa mafi ƙarancin injin da ke kunne ya zama 1 maimakon 0. Na san biyan dala ba ƙaramin abu ba ne, kuma kai ɗalibi ne bai kamata ya fito daga aljihunka ba. Ka je wurin shugaban makaranta da waya a hannu, ka nuna masa buɗewar farko da ta biyu, ka faɗa masa kuɗin, ko da na watannin fitar da sakamako ne kawai. Shafin da iyaye suka dogara da shi ya wuce matsayin gwaji.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da ƙaramin aiki na yaren Java a AWS Lambda, wato tsarin kamfanin Amazon da ke kunna kod sai an bukace shi, tashin farko na cin sakanni da yawa, da na ƙara memori daga 512 zuwa 2048 sai ya ragu sosai. Me ya haɗa memori da sauri? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Barka kadai 'yar'uwa. A Lambda ba a zaɓar ƙarfin injin daban, da memori ake auna shi, sai kin kai MB 1,769 ake ba ki cikakken injin sarrafawa guda ɗaya, a 512 ko sulusinsa ba ki samu ba, Java kuma aikin tashinsa yawa gare shi. Tunda ana cajin memori sau lokacin da aiki ya ci, ƙarin bai cika ninka kuɗi yadda ake tsoro ba don lokacin ya ragu, amma ki duba bil ɗinki ki tabbatar. Ki kuma gwada SnapStart, tun Nuwamba 2022 aka fito da shi don Java, yana ɗaukar hoton manhajar bayan ta gama tashi sai a riƙa farfaɗo da ita daga nan. Hattara ɗaya, duk abin da kika ƙirƙira lokacin tashi yana shiga hoton, don haka lambobin sirri na bazata da haɗin databes ki sake su bayan farfaɗowa, in ba haka ba injina biyu na iya fitowa da lamba iri ɗaya.