Tambaya da Amsa: Tsohon dokina ya mutu, goɗiya kuma ta ƙi cin abinci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da akawal da na gada wurin mahaifina, ya haura shekara 26. Makon jiya da magariba ya fara birgima yana waiwayen cikinsa, gumi na tsiyaya duk da sanyin hunturu, kafin asuba ya mutu. In na wuce turkensa sai ƙwalla ta cika min ido, abokai na min dariya wai doki ne kawai. Abin da ke cin raina: ko sakacina ne? Ga goɗiyar da suke barga ɗaya ta rage ci, sai haniniya. Daga mai karatu a Bukuru, kusa da Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Masu dariya ka bar su, wanda bai taɓa tashi da asuba ya ji doki na gaishe shi daga turke ba ba zai gane ba. Doki yakan yi shekara 25 zuwa 30 in ya samu kulawa, don haka wanda ya kai 26 a hannunka ba dokin mai sakaci ba ne.

Alamun da ka zayyana na ciwon ciki ne, kuma a tsohon doki abu biyu aka fi zargi. Na farko toshewar hanji. Haƙoran doki suna cinyewa da shekaru, sai ya riƙa haɗiye harawa ba ta niƙu ba, wani lokaci ka ga dunƙulen ciyawa da ya tauna ya tofar a ƙasa. A sanyin Jos na Disamba da Janairu kuma yakan rage shan ruwa, busasshen abincin ya cushe a hanji. Wannan yakan zo a hankali, kashi ya ragu ya bushe na kwana ɗaya ko biyu. Na biyu shi ne wani ƙullin kitse da ke tsirowa a cikin tsofaffin dawaki, yana rataye da siririyar jijiya, wata rana ya naɗe hanji ya shaƙe shi. Galibi ba ya nuna alama kafin ranar, abinci ko magani ba sa hana shi, kuma tiyata cikin 'yan sa'o'i ce kaɗai ke ceton dokin. Saurin da naka ya tafi ya fi kama da wannan, amma tabbas sai an buɗe gawa an duba, aikin da likitocin cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi idan an kai da wuri.

Yanzu goɗiyar ce abin dubawa. Dawaki na neman abokin zamansu, kuma rage ci da haniniya na 'yan kwanaki ba baƙon abu ba ne. Haɗarin shi ne ita ma cikinta ya toshe. Ka auna ruwanta da bokiti, ba da ido ba: lita 25 zuwa 40 take buƙata a rana, ka sirka shi da ɗan ruwan zafi da safe. Jiƙa dusarta ta yi laushi, ka ajiye mata gishirin lasa. Kada tausayi ya sa ka ƙara mata gero ko dawa, canjin abinci farat ɗaya shi kansa yana kawo ciwon ciki. Duk canji a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10. Ƙirga kashinta, lafiyayyen doki kan yi wajen sau 8 a yini da dare. Ɗaga leɓenta ka danna dasashi da yatsa, jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. Bugun zuciya, da ake ji a ƙarƙashin muƙamuƙi, 28 zuwa 44 ne a minti. Ya wuce 60, ko ta yi yini guda ba ta ci komai ba, kira likitan dabbobi a ranar. Ka fitar da ita tattaki safe da yamma, kuma ko akuya aka ɗaure kusa da ita tana ɗebe mata kewa.

Sabon doki kada ka yi gaggawarsa. In ya zo, ya yi mako 3 a keɓe kafin ya haɗa bokiti da ita. Sirdin da ragamar ka goge su ka shafa musu man kaɗe, ka rataye inda ba laima, ko da ba ka shirya ɗora su a kan wani ba.

Tambaya: Dokinmu ya tsufa, in ya kwanta sai mutum huɗu sun ɗaga shi. Idan ta Allah ta kasance, yaya ake binne shi? Daga mai karatu a Kubwa, Abuja.

Amsa: Hajiya, dokin da ba ya iya tashi da kansa yana shan wahala, ki kira likita ya duba ko lokacin hutar da shi ya yi. Ramin ya kai zurfin mita 2, ta yadda ƙasar da ke kan gawar ba za ta gaza mita 1 ba, in ba haka ba karnuka za su tone. Ya yi nisa da rijiya, rafi da duk inda ruwa ke kwanciya da damina. Cikin unguwa ba wurinsa ba ne, a nemi gona a wajen gari, a kuma tanadi mota da masu haƙa tun yanzu, don gawar doki na kumbura cikin sa'o'i a zafin Abuja. Idan da allura likita ya hutar da shi, naman guba ne ga kare da ungulu, a rufe shi a ranar. Dokin da ya faɗi kwatsam kuma, jini baƙi na fita ta hanci ko dubura, kada kowa ya feɗe shi ko ya ja shi a ƙasa, domin yana iya zama cutar antaraks mai kama mutane. A killace wurin, a sanar da likitan dabbobi na gwamnati.