Tambaya da Amsa: Mene Ne Asalin Gidan Shugaban Jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar Damagaram, ina zaune a unguwar Birni. Mun yi gardama da abokaina a wurin hirarmu kan gidan da wasu jami'o'i ke bai wa shugabansu. Su sun ce alfarma ce kawai, ni kuwa na ce akwai dalili. Ina neman ƙarin bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya ta fi kusa da kai, ko da yake abokanka ba su faɗi ƙasa warwas ba. A tsofaffin makarantun Ingila da Amurka, shugaba shi ne babban malami, shi ne mai jan addu'a, shi ne kuma mai tsawata wa yara, don haka tilas ya kwana inda suke kwana, kamar yadda malamin tsangaya ba ya nisa da almajiransa. Alfarmar daga baya ta biyo.

A Amurka, gidan da ya fi daɗewa ana amfani da shi yana kwalejin William da Mary a garin Williamsburg, jihar Bajiniya. An aza harsashinsa a 1732, shugaban makarantar na farko, James Blair, ya tare a ciki. A 1781, lokacin yaƙin neman ƴancin kai, kwamandan sojojin Ingila Cornwallis ya sauka a gidan, daga baya sojojin Faransa, masu taimaka wa Amurkawa, suka mai da shi wurin jinyar hafsoshinsu, gobara ta tashi ta cinye cikinsa, Faransa kuma ta biya kuɗin gyara.

Labarin jami'ar Harvard ne ya fi ɗaukar hankalina, domin yana nuna yadda tazara ta riƙa shiga tsakanin shugaba da ɗalibai. A 1726 aka gina wa shugabanta Benjamin Wadsworth gida a bakin harabar makarantar, George Washington ma, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Amurka na farko, ya ɗan zauna a ciki a 1775, shugabanni kuma suka ci gaba da zama har 1849. An yi wasu gidajen a kusa, ciki har da na 1912, amma a 1971, bayan shekarun zanga-zangar ɗalibai, sabon shugaba Derek Bok ya koma wani tsohon gida mai suna Elmwood, can nesa da hayaniyar haraba. A ganina ranar ce gidan ya tashi daga mazaunin malami ya koma mazaunin mai mulki, kuma a nan hujjar abokanka take da ƙarfi.

Kai da ke wucewa ta ƙofar fadar Sarkin Damagaram ka san gini yana riƙe da labarin waɗanda suka yi masa hidima, ba na mai gidan kaɗai ba. Gidan Wadsworth ma haka yake, kuma wannan ɓangaren yana sosa mini rai. Bayi baƙar fata sun zauna a cikinsa suna yi wa shugabanni biyu bauta, aka shafe kusan shekara 300 babu wata alama da ke tuna su. Sai a 2016 shugabar jami'ar, Drew Faust, ta buɗe wani allon dutse a jikin bangon gidan ɗauke da sunayen huɗu daga cikinsu: Titus, Venus, Bilhah da Juba.